Hunchback 4G ya ƙi karɓar injin XL: wane inji ya dace da AC/20?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar gareji. Shawara nake nema a kan Hunchback HBK-4G, ɗaya daga cikin mek, wato butum-butumin yaƙi da ake tuƙawa a wasan kwamfuta na MechWarrior Online. Yana nan yadda ake sayar da shi, injin gama-gari STD 200, babbar bindigar AC/20 a doron dama, lesa a hannuwa da ka. Gudunsa kilomita 64.8 ne a awa, in ƙungiya ta juya shi ake bari a baya, ƙananan mek su yi masa rubdugu. Na tara C-Bills, kuɗin cikin wasan, zan saka inji mai sauƙin nauyi XL 250, amma garejin ya ƙi karɓa. Me ya jawo haka?

Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayi injin nan tukuna, ƙanena, ba zai shiga ba ko da kuɗinka sun kai. Matsalar gurbi ce, wato wurin saka kaya a jikin mek, ba ta nauyi ba. Ƙirjin dama, inda doron yake, gurbi 12 gare shi. AC/20 na cin 10. Injin XL na ɓangaren Inner Sphere, wanda Hunchback ɗinka ke ciki, yana cin gurbi 3 a ƙirjin dama, 3 a na hagu. Ka cire 3 daga 12, saura 9, bindigar kuwa 10 take so. Shi ke nan. A 4G duka mazaunan bindigar harsashi a ƙirjin daman suke, don haka ba inda za ka mayar da ita.

Zaɓinka biyu ne: STD, wanda ba ya taɓa gurabun gefe ko kaɗan, ko injin Light da aka shigo da shi a 2017, mai cin gurbi 2 a kowane gefe. Biyu da goma sha biyu cif, ko allura ba za ta ƙara shiga ƙirjin nan ba, amma dai ya shiga.

Mai Lissafi:
Bari in ɗora a kan maganar Malam Maƙeri da alƙaluma, don a daina sayen inji da ka. Gudu a wasan nan lissafi ɗaya ne: lambar inji, a raba da nauyin mek, a ninka da 16.2. Hunchback tan 50 ne. Inji 200 ya ba ka 64.8, 225 ya ba ka 72.9, 250 ya ba ka 81. Ko STD ne ko Light ko XL, in lambar ɗaya ce gudun ɗaya ne, nauyi da gurbi da yadda za ka mutu ne kawai suka bambanta.

Nauyin 250 a gareji: STD tan 18.5, Light tan 15.5, XL tan 12.5.

Yanzu abubuwan da ba makawa sai an ɗauka. Ƙwarangwal mai sauƙin nauyi na Endo Steel tan 2.5. AC/20 tan 14. Matsakaiciyar lesa uku tan 3. Cikakken sulke maki 338, a maki 32 kowane tan, wato kusan tan 10.5. Jimla tan 30 kafin a zo maganar inji. Da STD 250 ka kai 48.5, saura tan 1.5 na harsashi, wanda ba zai kai ka rabin wasa ba. Da Light 250 ka tsaya a 45.5, saura tan 4.5. Nan ne amsar take a ganina.

Gogan Gareji:
Ban yarda a yi saurin binne STD ba. Lissafin Mai Lissafi daidai ne, amma ya bar sulke mai sauƙin nauyi na Ferro-Fibrous a waje. STD ba ya cin gurbin gefe, don haka akwai wurin saka Endo da Ferro tare. Gurabun da ke sake a jikin Hunchback 47 ne. AC/20 ya ci 10, lesa 3, Endo 14, Ferro 14, saura 6. Ferro zai sauke sulken zuwa kusan tan 9.4, ka samu tan 2.5 na harsashi, ka aske sulken ƙafa kaɗan ya zama tan 3. Ga gudu 81, ga inji mai araha, kuma ko an cire maka gefe biyu kana tsaye. Ga wanda bai daɗe da fara tara C-Bills ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Lissafi:
Kana tsaye da me, Yaya Goga? Abin da ya kamata a tambaya ke nan. In ƙirjin dama ya tafi, ya tafi da AC/20 da hannun dama da lesar da ke cikinsa. Saura lesa biyu, ɓarnar maki 10. Da Light ma kana raye a wannan matakin, sai dai gudu ya ragu kuma zafi ya daɗe bai sauka ba. In gefe na biyu ya tafi, mai Light ya mutu, mai STD kuma ya rage da lesa ɗaya tal a ka, maki 5. Tan uku kake biya tun daga farkon wasa don ka sayi wannan lesa ɗayar a ƙarshensa. Da Centurion CN9-A ne, mai mazaunin lesa biyu a ƙirjin tsakiya, da ban yi musu ba, domin shi ko an fige shi yana cizo.

Gogan Gareji:
A wasan kame sansani ko tara maki, mek mai tafiya a 81 ko ba makami yana da aiki. Amma na yarda, a 4G ribar ba ta kai tan uku ba in kuɗi ba matsala ba ne. Abin da ba zan janye ba shi ne maganar farashi. Inji na cin miliyoyi, kuma akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Maƙeri:
Wannan gaskiya ne, kuma ga tsarin da ya kamata kuɗin su bi. Na farko masanyaya masu ninki biyu, na sauke zafin mek, waɗanda ake rubutawa DHS. Kafin komai. Masanyayan da ke cikin inji su ma suna komawa masu ninki ba tare da ƙarin tan ko gurbi ba, babu wani gyara a garejin nan da ke ba da riba irin wannan. Na biyu Endo Steel. Na uku cika sulke. Sai inji. Ferro shi ne na ƙarshe, kuma sai in gurbi ya yi saura.

Dalilin sa Endo gaba da Ferro: dukansu gurbi 14 suke ci, amma a mek mai tan 50 Endo na ba ka tan 2.5, Ferro kuwa tan ɗaya da 'yan kai. Mutane da yawa na ganin sunan Ferro su ɗauka sulkensu zai ƙaru. Ba ya ƙaruwa. Iyakar nan ta 338 tana nan, nauyinsa kawai ke raguwa da kusan kashi 11 cikin ɗari.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai. To in kuɗin Light bai samu yanzu ba, in bar STD 200 ɗin in ƙara harsashi, ko in sayi 225?

Mai Lissafi:
Akwai tarko a injinan da ke ƙasa da 250, ka kula. Mu ɗora lissafin a kan masanyaya goma. Inji na ɗaukar ɗaya a cikinsa a kowane 25 na lambarsa. 250 na ɗaukar goman duka. 225 na ɗaukar 9, 200 na ɗaukar 8. In za ka cika goman, ragowar a waje za ka saka su, kowanne tan 1 da gurbi 3 in DHS ne. STD 200 da ake nuna maka tan 11.5, gaskiyarsa tan 13.5 ne da gurbi 6. STD 225 da ake nuna maka tan 15, gaskiyarsa 16 ne da gurbi 3. Ka ga ke nan 225 ya fi Light 250 nauyi da rabin tan, kuma ya fi shi rashin gudu da kilomita 8. Kada ka saye shi. Ka zauna da 200 ɗinka, ka yi DHS da Endo, za ka samu tan 6.5 a sake, ka zuba 4 a harsashi, 2 a ƙarin masanyaya, ka ci gaba da tarawa.

Sama da 250 kuma abin ya juya: kowane ƙarin 25 na buɗe gurbin masanyayi ɗaya a cikin injin. 275 ɗaya, 300 biyu, 325 uku. Tan ɗin za ka biya, amma gurbi kyauta ne. Shi ya sa manyan mek masu lesa da yawa ke son 300 zuwa sama ko ba don gudu ba.

Uwar Roka:
Ku gafarce ni in shigo. An yi ta maganar tan nawa na harsashi, ba a faɗi inda za a ajiye shi ba, kuma nan ne sababbi ke ƙonewa. Harsashin AC da na roka yana fashewa in sulke ya buɗe aka bugi gurbinsa. Ɓarnar ba ta tsayawa nan, tana bin jiki: daga hannu ko ƙafa zuwa ƙirjin gefe, daga gefe zuwa tsakiya. A haɗin Light 250 ƙirjin dama a cike yake, to ƙafafu sun fi dacewa. Kowace ƙafa gurbi 2 gare ta, tan 4 ke nan daidai. DHS na Inner Sphere ma ba ya shiga ƙafa tunda gurbi 3 yake so, saboda haka wurin a banza yake in ba harsashi ba. Rabin tan ɗin da ya rage a saka rabin akwatin harsashi a ƙirjin tsakiya ko na hagu.

Amma in ka zuba harsashi a ƙafa, kada ka aske sulkenta da yawa. Maki 48 ne iyakarta, 40 ya isa a tsaya. Maki 8 daga kowace ƙafa 16 ke nan, rabin tan. In ka sauka zuwa 30, duk mai Jenner ko Locust da ya latsa R ya ga hoton jikinka ƙafar zai bi.

Ƙwaro:
Tabbas zai bi, Hajiya, aikin ƙaramin mek ke nan. Kuma tunda an ambace su, kada Sabon Hannu ya fita daga nan da tunanin cewa XL mugun abu ne. A ƙananan mek shi ne rayuwa. Jenner tan 35 ne. XL 300 tan 15.5, gudu 138.9. STD 300 tan 25, wato saura tan 10 na ƙwarangwal da sulke da makami, ba ya yiwuwa. Ƙaramin mek da AC/20 ya same shi a gefe ya riga ya gama ko da wane inji ne, kariyarsa ita ce kada a same shi. Haka ma masu harbi daga nesa da gefensu siriri ne. Inda XL ke kashe mutum shi ne mek mai faffaɗan gefe da ke shiga tsakiyar faɗa, irin Atlas ko shi Hunchback ɗin da doronsa ake hangowa tun daga ƙarshen fili.

Wani abu da bai kamata ya wuce masu XL ba: 255 da 250 nauyinsu ɗaya, tan 12.5, don haka 255 za a saya. Daga 300 zuwa 305 kuma tsalle ne na tan ɗaya da rabi, saboda na'urar daidaita tsayuwa tana ƙara tan guda da zarar an haura 300. A dinga duba lambar da ke gaba da wadda ke baya kafin a biya.

Uwar Roka:
Kuma CASE a ƙirjin gefe tare da XL na Inner Sphere asarar gurbi ce. Aikinsa hana fashewa tsallakawa zuwa tsakiya, amma gefen da kansa zai tafi, kuma tafiyar gefe ɗaya mutuwa ce ga mai XL. Da STD ko Light ne yake da ma'ana. Haka nan Gauss: harsashinta ba ya fashewa, ita bindigar ce ke fashewa. Gurbi 7 take ci, tana shiga gefe ɗaya da XL lafiya lau, garejin ba zai hana ka ba, amma ka ɗaure bam ne a jikin injinka.

Sabon Hannu:
Na fahimta. Wani ya ce in cire AC/20 in saka ƙananan bindigogi uku tunda mazauni uku ne a doron. Kuma akwai maganar zafi, da na harba komai tare sau uku ko huɗu sai mek ya mutu a tsaye.

Maƙeri:
Mazauni uku ba umarni ba ne a cika su. AC/5 biyu tan 16 ne da gurbi 8, suna da nisa, amma dole ka tsaya kana kallon abokin gaba kana zuba masa wuta, doronka a buɗe. AC/20 kuwa harbi ɗaya ne, maki 20 a wuri ɗaya, sai ka murɗe ƙirji ka ba shi hannun hagu da gefen hagu har bindigar ta sake ɗurawa. Wannan murɗawar ita ce rabin sulken Hunchback. Ban da haka, ka buɗe shafin baiwar, wato ƙarin ƙarfin da Piranha Games, kamfanin da ya yi wasan, ya ba kowane samfuri. Ta 4G a kan AC/20 ta fi karkata, in ka cire ta ka zubar da abin da aka ba ka kyauta. Alƙaluman baiwar nan da yawan harsashi a tan ɗaya ana canza su a sabuntawa, a garejin ake karanta su, ba a tsohon bidiyo ba.

Dacewar AC/20 da matsakaiciyar lesa ita ce dukansu mita 270 ne cikakken ƙarfinsu, daga nan ɓarnar na raguwa har ta ƙare a ninkin wannan tazarar. Harbi a mita 450 ɓarnar harsashi ne. Ka bi bayan manyan mek, ka ɓuya a lungu, sai an matso.

Zafi kuma, raba makaman gida biyu: AC/20 a maɓallin hagu na linzami, lesa uku a na dama. In ma'auni ya haura kashi 70, ka bar lesa, ka ci gaba da bindiga kaɗai. Maɓallin O na hana mek kashe kansa in zafi ya cika, amma daga nan ƙwarangwal ne ke cin wuta, don haka na harbin ƙarshe ne, ba na kullum ba. Kafin ka shiga wasa na gaske, ka kai haɗin filin gwaji a Terra Therma ko Caustic Valley, ka ƙirga harbi nawa yake ɗauka kafin ya cika. Gwaji a Frozen City ruɗin kai ne, sanyin wurin na rufe aibin haɗi.

Gogan Gareji:
A ƙara masa da zafin fatalwa, domin in ya koma Hunchback 4P zai ci karo da shi. Wasan na ƙara hukuncin zafi in aka harba makamai iri ɗaya fiye da ƙa'ida a cikin rabin daƙiƙa. Matsakaiciyar lesa ƙa'idarta shida. 4P na da mazaunin lesa tara, shida a doro, ɗaya a kowane hannu, ɗaya a ka. Sai a sa shidan doro a maɓalli ɗaya, ukun a wani, a bar rabin daƙiƙa tsakani. AC/20 kuwa biyu ma tare laifi ne, sai in baiwar mek ɗin ta ɗaga ƙa'idar. Masu JagerMech da ke saka AC/20 a kowane hannu sun san wannan, dama sannan hagu ake yi. Garejin na nuna alamar gargaɗi in haɗinka zai jawo hukuncin, a dinga karanta ta.

Abin lura a nan, AC/20 na shiga hannun JagerMech ne don ba shi da gaɓar gwiwar hannu da tafi, gurbi 10 ne a sake. Farashin haka shi ne hannun ba ya karkata hagu ko dama, sama da ƙasa kawai. Hannun Hunchback gurbi 8 ne a sake amma yana bin ƙaramin mek da ke zagaye ka.

Uwar Roka:
In doron nan ya ishe ka, ƙanena, ka duba Hunchback 4SP. Ba shi da doro, makamansa a rabe suke dama da hagu. Ga haɗi cikakke: Light 250 tan 15.5, Endo 2.5, sulke 10.5, SRM 6 biyu, bututun rokar kusa, da Artemis, na'urar saita roka, tan 8, matsakaiciyar lesa biyar tan 5. An kai 41.5. Roka tan 3, DHS huɗu tan 4, AMS, mai kakkaɓo rokar abokan gaba, da harsashinsa tan 1.5. Tan 50 cif, gurbi ɗaya ya rage. Artemis na ƙara tan 1 da gurbi 1 a kowane bututu, kuma in ka kunna shi duk bututun SRM da LRM, rokar nesa, da ke jikin mek sai sun ɗauka, tsohuwar rokarka ma sai ka canza ta da mai Artemis. A SRM 6 ya cancanta don yana tattara rokokin wuri ɗaya, a SRM 2 asara ce.

Kada dai a haɗa LRM ɗaya da makaman kusa wai don a samu abin yi daga nesa. LRM na Inner Sphere ba ya aiki ƙasa da mita 180, kai kuma faɗanka tsakanin mita 100 da 270 yake. Bututu ɗaya ƙarami AMS na abokan gaba zai cinye shi a sama.

Ƙwaro:
Ga masu buga wasan daga nan yankinmu, a cire alamar sabar Oceanic, a bar ta Turai, ita ce mafi kusa. Yana da alaƙa da zaɓin makami: in layi na tsalle, lesa da ke buƙatar riƙe saiti kusan daƙiƙa guda a kan gaɓa ɗaya tana watsa ɓarnarta a jiki duka, AC/20 da SRM kuwa latsawa ɗaya ce.

Sabon Hannu:
Allah ya saka. Saura rabon sulke gaba da baya. Kuma na ga Timber Wolf ba ya bari a taɓa injinsa, lalacewa ce?

Mai Lissafi:
Ba lalacewa ba ce. Timber Wolf OmniMech ne na Clan, ɗaya ɓangaren da ba Inner Sphere ba, injinsa XL 375 a kulle yake, tan 75 a gudu 81. Ƙwarangwal da irin sulkensa ma a kulle suke. Abin da ake canzawa gaɓoɓi ne, ka ɗauko hannu ko gefen wani samfurin Timber Wolf ka maƙala don samun mazaunan da kake so. XL na Clan gurbi 2 yake ci a gefe kuma yana jure rasa gefe ɗaya, DHS ɗinsu gurbi 2, Endo da Ferro 7 kowanne. Duk lissafin gurbin da muka yi a sama na Inner Sphere ne, kada ka ɗora shi a kansu, kuma kayan ɓangarorin biyu ba sa haɗuwa a mek ɗaya.

Sulke kuma, ƙirjin tsakiya na Hunchback maki 64 ne a raba gaba da baya, kowane gefe 48. Yadda ake sayar da shi an zuba da yawa a baya. Ka mayar da shi 56 da 8 a tsakiya, 42 da 6 a gefe.

Maƙeri:
A gefen dama ni 44 da 4 zan ce, tunda nan kowa ke nema kuma daga gaba ake nemansa. Hannun hagu a bar shi 32 cikakke, shi ne garkuwa. In ana neman 'yan maki don cike rabin tan, a ɗebo daga ka, 18 zuwa 14, sannan hannun dama, 32 zuwa 28. Maki 8 ke nan, a haɗa da 4 daga kowace ƙafa, 16 sun cika.

Ƙwaro:
Maki 4 a bayan doro ya yi kaɗan, Malam. Matsakaiciyar lesa ɗaya maki 5 ce, harbi guda ya buɗe wurin, kuma AC/20 mai gurbi 10 cikin 12 ita za a fara lalatawa da zarar an shiga ciki. Ga wanda bai saba kallon ƙaramar taswira ba, 6 zuwa 8 ya fi, in ya iya tsayawa da bango a bayansa sai ya rage.

Maƙeri:
Na karɓa. Ya fara da 42 da 6, bayan wasa ashirin ya duba ta ina aka fi kashe shi. In gaban doron ne ke fara buɗewa alhali bayan bai ko canza launi ba, ya matsar da maki biyu gaba.